Satifiket ɗin Excel: yadda na karɓi nawa da wanda ya fi nauyi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce wata biyu ke nan da gama kwas ɗin Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, amma shiru ba satifiket, kana kuma son sanin ko takardar za ta yi maka rana wajen neman aiki. Irin haka ta taɓa faruwa da ni.

A wata cibiyar kwamfuta na yi nawa, mako takwas. Sai da muka gama aka ce kuɗin satifiket daban ne, abin da ba a faɗa mana ranar rajista ba. Na biya, na yi ta zarya: yau mai sa hannu ya yi tafiya, gobe firinta ba tawada. Ranar da takardar ta fito kuma, an rubuta sunan mahaifina ba yadda yake a katin NIN ɗina ba. Wallahi abin ya ƙona mini rai. Don haka ka koma da rasit ɗinka, ka nemi shugaban wurin kai tsaye ya sa maka rana, ka rubuta masa cikakken sunanka da hannunka kamar yadda yake a takardun makarantarka.

Amma ka sani takardu iri biyu ne. Akwai ta kammala kwas, irin wadda cibiyoyi da Udemy, shafin kwasa-kwasai na intanet, ke bayarwa, abin da kawai take cewa shi ne ka halarta har ƙarshe. Kwasa-kwasan Udemy na kyauta ma ba sa zuwa da satifiket. A Coursera, wani shafin irinsa, akwai kwas mai suna Excel Skills for Business na jami'ar Macquarie ta Ostareliya, kuma mai ƙaramin ƙarfi yana iya cike neman tallafin kuɗi.

Ta biyun ita ce ta cin jarrabawa, wato Microsoft Office Specialist, da ake kira MOS. Kamfanin Certiport ke gudanar da ita a cibiyoyin da ya amince da su. Minti 50 ne, ana neman maki 700 cikin 1000, kuma aiki ake ba ka ka yi a cikin Excel ɗin kansa. Akwai matakin Associate, akwai Expert na ƙwararru. Mai ɗaukar aiki yana iya tantance ta ta intanet, shi ya sa ta fi nauyi a wurina. Ka tanadi kuɗinta a hankali.

A intabiyun aikin da nake yi yanzu, ogan ko minti ɗaya bai yi yana duba takardata ba. Kwamfutarsa ya juyo mini, ga lissafin cinikin wata guda, ya ce in ware na kowane reshe. Hannuna na rawa na haɗa PivotTable, wato teburin da ke taƙaita lissafi kashi-kashi, sannan ya sa na jawo farashi daga wani shafin da VLOOKUP, dabarar Excel ta nemo bayani a tebur. Kafin satifiket ɗinka ya fito, ka roƙi wani mai shago a unguwarku littafin cinikinsa, ka shigar da shi Excel, ka riƙa gwada waɗannan biyun kullum da daddare.