Tayoyi na cinyewa ta ciki bayan an saukar da mota

Ka ce tun da ka sa wa Honda Accord ɗinka ta 2005 gajerun sifirin don saukar da ita, wato rage mata tsayi daga ƙasa, tayoyin gaba suke cinyewa ta gefen ciki, kana tambaya ko alaimen, wato daidaita saitin ƙafafun mota, zai magance. E, zai rage matsalar sosai, kuma shi ya kamata a yi tun farko. Da zarar an saukar da mota saitin ƙafafunta ya canza: saman taya yana karkata ciki, wato kamba, sannan tayoyin biyu ba sa fuskantar gaba daidai. Mutane sun fi ɗora laifin a kan kamba don ita ido ke gani, amma rashin fuskantar gaban ne ya fi cin taya, domin gurzarta yake a kwalta maimakon ta gangara. Shafa tafin hannunka a kan tayar, in ka ji kaifi-kaifi ta gefe guda, to shi ne.

Sai dai da sharaɗi, ɗan'uwa. Bari sabbin sifirin su zauna kamar mako biyu, a kuma duba tayarod (sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa) da bushin (robobin da ke mahaɗan ƙafa), don saiti ba ya tsayawa a kan kayan da suka saki. Accord ta wannan zubin ba ta zo da wurin gyara kamba daga kamfani ba, saboda haka in karkatar ta wuce digiri 2, sai ka sayi hannun ƙafa (ƙarfen da ke haɗa ƙafa da jikin mota) mai saiti. Ni dai ban yarda da alaimen na igiya da ido a motar da aka saukar ba. Je wurin masu na kwamfuta, ka karɓi takardar awon kafin ka sa sabbin tayoyi.