Kek mai hawa uku daga Daura zuwa Katsina

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Daura, shekara huɗu ke nan ina yin kek a gida, na suna da na biki. An sa gasar ƙawata kek a Katsina cikin watan Afrilu, ina so in shiga da kek ɗin aure mai hawa uku. A waya na koya, ban je makarantar girki ba. Maigida ya amince, shi ma zai kai ni da motarsa. Tsorona kada in je in sha kunya gaban waɗanda suka karanci abin.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ajiye wannan tsoron, alƙali kek yake dubawa, ba ya tambayar takardar makaranta. Abin da ya kamata ya hana ki barci shi ne zafin Afrilu da hanya.

Bota tana fara narkewa tun zafi bai wuce digiri 35 ba, Katsina kuwa a wannan watan tana taɓa 40. Idan kika shafe kek da kirim ɗin bota zalla, kafin alƙalai su iso teburinki ya fara zubar da hawaye. Ki yi shafen farko siriri, ki lulluɓe da fondan, wato kwaɓaɓɓen sukarin nan da ake murzawa ya yi faɗi a rufe kek da shi. Bayan haka kada ki mayar da shi firji, don in ya fito cikin zafi yana iya yin gumi, launi ya zuba.

Ni hanya ce ta koya mini hankali. Na taɓa ɗauko mai hawa biyu daga Ƙofar Ƙaura a Keke Napep, na rungume shi a cinya kamar jariri. Rami ɗaya muka faɗa, na sama ya karkace kamar hular ɗan gaye. Har yau in na haɗu da uwar amaryar sai in ji kamar in nutse. To ke tafiyar kusan kilomita 80 ce gabanki. Kowane hawa ki ba shi faifansa na kwali mai kauri. Faɗin hawa ukun, inci 10, 8 da 6 sun isa. A hawa na ƙasa da na tsakiya ki kafa sanduna huɗu ko biyar, ki yanke su daidai da tsayin kek ɗin, su za su ɗauki nauyin na sama. Ki tafi da su a rarrabe, kowanne a kwalinsa, a shimfiɗaɗɗen wuri, ba kan kujera ba don a karkace take. Ku fita bayan sallar asuba. Sai kin isa zauren ki ɗora, da ragowar fondan da ayisin, wato kwaɓin sukarin yin ado, a jaka saboda gyara.

Tun yanzu ki nemi dokokin gasar. Wasu suna yarda da kek ɗin bogi, wato farin kwalin nan mara nauyi da ake lulluɓewa, wasu kuma sai sun yanka sun ɗanɗana. Furen sukari mai waya a jiki ba a soka shi kai tsaye cikin abin da za a ci.

Sai ado, kuma nan nake so ki ji ni da kyau. Na tabbata rabin zauren fari ne da ruwan zinare da furannin da aka kwafo daga Instagram. Ke 'yar Daura ce. Kina da zanen lalle, kina da dagi, kina da zanen da ke jikin bangon fada da tsofaffin soraye. Ki kwaɓa farin ƙwai da garin sukari ya yi kauri, ki zana lallen amarya a hawa na tsakiya kawai, sauran biyun ki bar su fes. Ado in ya yi yawa, alƙali zai zaci ɓarna kike rufewa.

Zane a tsaye ba kamar a kan tire ba ne, hannu yana rawa. Ki kife tukunya, ki riƙa gwadawa a jikinta kullum bayan yara sun yi barci, ki wanke ki sake. Ranar gasa ki zagaya bayan kek ɗin ki duba, don alƙalai ma sai sun zagaya. Allah Ya ba da sa'a, ki gaida maigidan.