Wakilcin na'urar gyaran jijiya: kada ka saka miliyan 5 ɗin

Tambaya: Ina da shagon kayan asibiti a Gombe. Wani ya kawo mini tallar wata 'yar na'urar nano da ake dasawa a jiki, wai tana raya ƙwayoyin sitem sel (ƙwayoyin asali da ke iya rikiɗewa su zama wasu ƙwayoyin jiki), ta tayar da mai shanyewar jiki. Ya ce in ba da naira miliyan 5 in zama wakilinsu a Gombe da Bauchi, riba kashi 30 cikin 100 a wata uku. In shiga?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka. Binciken da masana ke yi a wannan fanni gaskiya ne, amma hajar da aka kwatanta maka ba ta iso kasuwa ba tukuna.

Jijiyar hannu ko ƙafa idan ta yanke tana sake tofowa, kimanin milimita 1 a rana, muddin ta sami abin bi, kamar yadda ake kafa wa doya sanda. Shi ya sa masana ke saƙa zaruruwa sirara ƙwarai, waɗanda ake aunawa da nanomita, kashi ɗaya cikin biliyan na mita, su zama turbar da jijiya da ƙwayoyin halitta za su kama. A 2021 ayarin Farfesa Samuel Stupp na Jami'ar Northwestern a Amurka ya yi wa ɓerayen da lakarsu ta lalace allurar irin waɗannan zaruruwa, suka koma tafiya cikin mako huɗu. A 2018 ma an gwada wata 'yar na'ura mai aika wa jijiya lantarki, wadda ke narkewa a jiki bayan ta gama aiki, ita ma a kan ɓeraye. Daga ɓera zuwa mutum akwai gwaji mataki uku, yakan ci shekaru, kuma yawancin magungunan da suka shiga ba sa fita.

Abin da ake sayarwa da gaske wani siririn bututu ne, irin NeuraGen, da likitan tiyata ke haɗa bakin jijiya biyu da shi. Ba ya aiki sosai idan giɓin ya wuce santimita 3; nan sai a ciro jijiya daga ƙafar majinyacin a dasa. Ba ya maganin karyewar laka, balle shanyewar ɓarin jiki, wadda tushenta a ƙwaƙwalwa yake. Mai sayensa likita ne a ɗakin tiyata, kuma yana da ranar lalacewa. Ko shi ka saro, jarinka zai kwanta ne a kanta.

Sitem sel kuwa, aikinsu da ya daɗe da tabbata shi ne dashen ɓargo, wanda aka fara yi wa mai sikila a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011. Garin da ake tallatawa a leda da sunan sitem sel a ce a sha, ciki ne zai narkar da shi. Abin kuma ba ya tsayawa a asarar kuɗi: a 2017 aka wallafa labarin mata uku a jihar Fulorida ta Amurka da ganinsu ya lalace bayan an yi musu allurar irin waɗannan ƙwayoyi a ido. Iyalin mai shanyewar jiki sukan sayar da gona don neman magani, kuma fuskarka suka sani a kasuwa, ba ta kamfanin ba.

Idan mutumin ya dawo, nemi lambar rajistar NAFDAC ta na'urar, ka duba ta da kanka a kundin hukumar na intanet, Greenbook. Nemi takardar wakilci daga masu ƙera ta, da shaidar cewa ana sayar da ita a ƙasar da aka yi ta. Idan ya ce gwaji ake yi, gwaji a kan mutane sai da izinin NAFDAC da na kwamitin ɗa'ar bincike. Alkawarin riba kuma ya mai da zancen zuba jari, wanda ke buƙatar rajista da SEC, hukumar kula da harkar zuba jari; takardar CAC kaɗai ba ta isa ba. Kashi 30 a wata uku, ba tare da an nuna maka wanda zai sayi kayan ba, irin lissafin MMM ne na 2016 da CBEX ta 2025, waɗanda suka durƙushe da kuɗin mutane.

Akwai ciniki na halal a wajen waɗannan majinyatan. Suna buƙatar keken guragu, sandunan dogarawa, katifar iska mai hana gyambon kwanciya, takalmin tallafe ƙafar da ta saki, da na'urar auna suga, tunda ciwon suga na cikin manyan masu lalata jijiya. Je ka sashen gashin ƙashi na asibitin koyarwa na tarayya a Gombe da na ATBU a Bauchi, ka tambayi abin da suke rubuta wa majinyata a rasa a gari. Fara da kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin, ka ga abin da ke fita cikin wata biyu kafin ka ƙara. Katifar iska da lantarki take aiki, don haka ka tambayi mai saye ko yana da sola ko inbata kafin ka ba shi, in ba haka ba zai dawo maka da ita.