Amsa ga mai tambayar yadda ake kiran tsofaffi da Sifaniyanci

'Yar'uwa, sannu da zuwa, Allah ya sa kin shigo a sa'a. Na ga kin ce kin samu aikin kula da wata dattijuwa a Balensiya ta ƙasar Sifen, ƙamus ya ba ki "viejo" da "vieja" a matsayin tsoho da tsohuwa, kina tambaya ko da su za ki riƙa amfani. Don Allah kada ki soma. Shekara shida ina wannan aikin a Zaragoza, kuma wannan kalmar ce ta fara ba ni kunya.

Satina na biyu na raka matar da nake kula da ita asibiti. Ma'aikaciyar ta tambaye ni wace ce ni, na buɗe baki na ce ni ce mai kula da "la vieja". 'Yarta na tsaye a gefe, nan take ta ɗaure fuska. Sai da muka fito ta ce min, cikin lalama dai, takalmi da kujera ake ce wa viejo, ba uwarta ba. Kalmar ba ashar ba ce, amma a bakin bare tana fita da raini, domin su ba sa ɗaukar tsufa abin tinƙaho kamar mu.

Wadda za ki riƙe ita ce "mayor". Ki ce "una señora mayor", ko "una persona mayor", in suna da yawa "los mayores". Asalin ma'anarta babba, shi ya sa yayanki namiji "hermano mayor" ne, kusan yadda muke cewa manya. Gwamnati ma ita take amfani da ita: gidan kula da tsofaffi "residencia de mayores" ne, kuma M ɗin da ke cikin IMSERSO, hukumar da ke shirya wa 'yan fansho tafiye-tafiye masu rahusa, "mayores" take nufi. Sai dai in kin ga "mayor de edad" a takarda, wanda ya cika shekara 18 ake nufi. "Anciano" da "anciana" kuwa a jarida za ki fi ganinsu, suna nuna wanda ya tsufa tukuf, ban taɓa faɗa wa mutum a gabansa ba.

Inda tarbiyyarmu ke jefa mu a rami shi ne "abuela", wato kaka mace. Mu kowane dattijo Baba ne, kowace dattijuwa Inna ko Kaka. Wata rana a bas na tashi na ba wata mai furfura kujera, na ce "Siéntese, abuela", ina ganin na gama ladabi. Ta zauna fa, amma ta dube ni ta ce ita ba kakata ba ce. Da "señora" na ce, da shi ke nan. Ki kuma shirya dariya: a Aragon da Kataloniya da can Balensiya jikoki "yaya" suke ce wa kaka mace, namiji "yayo". Ranar da na fara jin yaro ɗan shekara biyar yana ƙwala wa tsohuwa "yaya", sai da na waiwaya ina neman yayar tasa.

Abokan aikinki 'yan Latin Amurka za su iya rikita ki. Ɗan Ajantina zai ce "mi viejo" yana nufin mahaifinsa, cikin ƙauna, daidai da yadda samarinmu ke cewa tsohona. A Meziko "mi vieja" sau da yawa matar mutum ce. Wannan maganar cikin gida ce, ki ji ki bar musu. A hukumance su "adulto mayor" suke cewa.

Wajen yi mata magana kai tsaye, ki fara da "usted", wato "ke" ta girmamawa, ki sa "doña" kafin sunanta na yanka, kamar doña Carmen. Namiji "don". Ranar farko ki tambaye ta: "¿Cómo quiere que la llame?", wato yaya take so ki kira ta. Tawa cewa ta yi in bar "usted" ɗin nan, yana sa ta ji ta tsufa, alhali shekararta 88. Na fi wata uku bakina bai iya kiran sunanta gatsal ba, kullum sai ta gyara min.