Miliyan bakwai na Jay Chou, da yadda ake karanta cinikin albam

Ƙanena, ka ce ka ga an rubuta cewa wani mawaƙin Taiwan, Jay Chou, ya sayar da albam miliyan 7.2 a 2022, har ya sha gaban BTS, ƙungiyar mawaƙan Koriya, da Taylor Swift ta Amurka, alhali kowa ya san an daina sayen faifai. Kana tambaya ko gaskiya ne ko kurin kamfani, kuma wane irin aiki ya kai shi nan.

Adadin gaskiya ne. IFPI, ƙungiyar kamfanonin faifai ta duniya, ita ta fitar da shi, ta sa albam ɗinsa na 15, Greatest Works of Art, a matsayi na ɗaya, kuma shi ne mai waƙa da Sinancin Mandarin na farko da ya hau wannan matsayi. Sai dai ka lura da jerin da ya hau. IFPI tana da jerin da take ƙirga abin da aka saya kawai, wato faifai da kwafin da aka biya aka sauke. Tana da wani kuma da take haɗa saye da sauraro ta intanet, kuma a wancan Bad Bunny, mawaƙin Puerto Rico, ne na ɗaya a shekarar. Duk lokacin da aka gaya maka adadin ciniki, fara tambayar mudun da aka yi awo da shi, domin tiya goma da gwangwani goma duk goma ake ce musu.

Galibin abin da Jay Chou ya sayar ba faifai ba ne. Kwafi ne na cikin waya, a manhajojin ƙasar Sin irin su QQ Music da Kugou da Kuwo, a kan yuwan 30 (kuɗin ƙasar Sin) kowane ɗaya. Tsarin can shi ne a kulle sabon albam: ko kana biyan kuɗin wata-wata, ba za ka ji shi duka ba sai ka saye shi daban. Idan ka ɗauka duka miliyan 7.2 an sayar a wannan farashi, ka tashi da yuwan miliyan 216, kafin manhaja ta cire nata, mai rarrabawa ya cire nasa, a biya haraji. Faifan Koriya ko na Amurka ya ninka wannan farashi sau da yawa, don haka wanda ya fi yawan kwafi ba lallai shi ya fi tara kuɗi ba.

Akwai abu ɗaya da ya ƙara wa adadin nauyi. Kafin Agustan 2021, masoyi ɗaya a Sin yana iya sayen kwafi ɗari na albam guda don ya ɗaga gwaninsa a jeri. A watan ne hukumomi suka taka wa wannan gasa birki, manhajojin suka hana asusu ɗaya maimaita saye. Albam ɗin Jay Chou ya fito ranar 15 ga Yulin 2022, bayan dokar. Ke nan adadinsa ya fi kusa da yawan mutanen da suka ciro kuɗi, saɓanin wasu manyan adadi na shekarun baya.

Dalilin da ya sa suka ciro kuɗin kuwa sai mun koma baya. An haife shi a 1979, ya fara koyon fiyano yana ɗan shekara huɗu. A 1997 ya raka wani abokinsa gasar talabijin a matsayin makaɗi, ba mawaƙi ba. Mai gabatar da shirin, Jacky Wu, ya duba takardar kiɗan da ya rubuta, ya ɗauke shi aiki a kamfaninsa na Alfa Music don ya riƙa rubuta wa wasu. Ya yi kusan shekara uku a haka, wasu waƙoƙin a karɓa, wasu a dawo masa da su. Labarin da ya shahara shi ne an ce ya kawo waƙa hamsin cikin kwana goma, a zaɓi goma a yi masa albam. Ka riƙe wannan rabo na ɗaya cikin biyar. Yaran da ke shigowa situdiyo da waƙa goma suna son albam mai waƙa goma ba su bar wa kansu wurin zubarwa ba, shi ya sa za ka ji biyu masu daɗi, takwas cikon benci.

Albam na farko, Jay, ya fito a Nuwamban 2000. Na biyu, Fantasy, a Satumban 2001, shi ya kwashe kyaututtuka biyar a gasar Golden Melody ta 2002, babbar gasar waƙa ta Taiwan. Daga nan bai tsallake shekara ba har 2008: albam tara cikin shekara tara. Wannan jerin gwano shi ne jarinsa. Ɗan sakandaren da ya taso da waɗannan waƙoƙi a Taipei ko Shanghai, a 2022 magidanci ne mai albashi, yuwan 30 ba ta kai masa kuɗin fita cin abinci ba. Ga kuma yunwa: tun 2016 bai fitar da albam ba, shekara shida cur. Ko a cikin sabon, daga waƙoƙi 12 akwai biyar da ya riga ya saki ɗai-ɗai, ga gabatarwar fiyano guda, sababbi shida ne kawai. An yi ƙorafi a kan haka, kuma a ganina ƙorafin yana kan hanya, amma bai hana saye ba.

Yin albam duk shekara ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma nan ne sana'armu ta aikin situdiyo ta shigo. Shi ke rubuta karin waƙoƙinsa, shi ke jagorantar aikin. Baituka da yawa Vincent Fang ke rubutawa, tun daga albam na farko. Tsara kiɗa kuma akwai ƙwararru da suka daɗe tare da shi, irin su Michael Lin da Baby Chung. Kari ya fara zuwa, a ɗora shi a kan fiyano da muryar gwaji, a miƙa wa mai baiti ya zuba kalmomi daidai da yawan gaɓoɓi, a miƙa wa mai tsara kiɗa, sannan a ɗauki murya ta gaske, a haɗa sauti, a yi masta, wato gyaran sauti na ƙarshe. Idan mutanen ba sa canzawa, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke nufi tun kafin ya gama faɗa, aikin wata uku sai ya koma na mako shida. Mai sauya furodusa kowace waƙa kuwa, kullum daga farko yake farawa, kuma albam ɗinsa ba ya fita da murya ɗaya.

Salon da aka fi saninsa da shi shi ne ɗora kayan kiɗan gargajiyar Sin a kan ganga da bas na zamani, da kari mai hawa biyar. Ana sa erhu, gogensu mai tsirkiya biyu, da guzheng mai tsirkiya 21, da pipa mai tsirkiya huɗu. Wahalar haɗa wannan a situdiyo ita ce erhu yana zaune a inda muryar mutum take. Tsirkiyarsa ta ƙasa tana farawa ne wajen haz 293 a ma'aunin kaifin sauti, ya hau sama daga nan. Ka bar shi yana kuka lokacin da mawaƙi ke baiti, za su danne juna, kuma duk yankan da za ka yi da na'ura ba zai raba su ba tare da ka kashe ɗaya ba. Maganin yana wurin mai tsara kiɗa: a sa gogen a gabatarwa, da tsakanin layuka, da bayan amshi, ya riƙa amsa wa murya maimakon ya yi gasa da ita. Wajen ɗauka kuma kada ka manna masa makirfo. Ja baya kamar rabin mita zuwa mita ɗaya, in ba haka ba ƙarar gugar baka za ta fi sautin fitowa. Duk wannan ya shafi gogenmu da kukuma idan ka tashi ɗora su a kan kiɗan kwamfuta.

Abu guda ne ba zan so ka kwaikwaya ba. Jay Chou ya yi suna wajen haɗiye kalmomi, musamman a albam ɗin farko-farko, inda murya ke nutsewa cikin kiɗa kamar ita ma kayan kiɗa ce. An soke shi a kan haka, amma ya sha, domin masu saurarensa sun saba bin baiti a rubuce, a ɗan littafin cikin faifai, a allon gidan karaoke, yanzu kuma a fuskar waya. Mai sauraren waƙar Hausa da kunne yake kama magana, a mota ko a shago, kuma harshen yana dogara da hawa da saukar murya da tsawon wasali. Ka binne murya a nan, ka binne waƙar.

Sai mu zo kan adadin zamanin faifai, inda aka fi ruɗa mutane. Taiwan mutum kusan miliyan 23 ne. Kasuwar faifanta ta kai ƙololuwa a 1997, shekarar da ake lissafa albam ɗin mawaƙiyar Taiwan A-Mei mai suna Bad Boy ya sayar da kwafi miliyan 1.38 a tsibirin kaɗai. Daga nan kasuwa ta rufta, cikin shekara biyar zuwa shida ta koma ƙasa da rabi. Na'urar kwafar faifai ta yi arha, jabu ya cika kasuwannin dare, sannan manhajojin musayar waƙa irin su Kuro da ezPeer suka zo, har kotu ta kama Kuro da laifi a 2005. Jay Chou ya fito ne a tsakiyar wannan faɗuwa, shi ya sa cinikinsa a gida dubu ɗaruruwa ne, bai taɓa kai na A-Mei ba, ko da yake ya fi kowa tashe a zamaninsa. Kada ka gwada adadin 1997 da na 2004 ka ce wane ya fi wane. Kasuwar ce ba ɗaya ba.

Miliyoyin da za ka ga an rubuta "a faɗin Asiya" kuwa, yawanci daga bakin kamfani suke fitowa, kuma sau da yawa abin da aka tura wa dillalai ne, ba abin da mai saye ya ɗauka ba. Ga misali: an buga kwafi 100,000, an tura duka, kamfani ya sanar da ciniki 100,000. Bayan wata shida shaguna suka dawo da 30,000. Ciniki na gaskiya 70,000 ne, kuma a kansa za a biya mawaƙi, shi ya sa kamfanoni ke riƙe wani kaso na kuɗinsa har sai an ga abin da ya dawo. Ƙara da dabarun da aka saba a Taiwan: sayen albam tun kafin ya fito, a haɗa wa mai saye da kyauta, da sake fitar da albam ɗaya da sabon bango da faifan bidiyo bayan wata biyu, masoyi ɗaya ya saya sau biyu. Ko jerin cinikin faifai na Taiwan mai suna G-Music, da aka fara a 2005, kason ciniki ya riƙa nunawa cikin ɗari na shagunan da yake bi, ba yawan kwafi ba. Wanda ya samu kashi 40 a makon da kasuwa ta mutu yana iya zama ƙasa da mai kashi 15 a makon biki.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci ga aljihu shi ne wa ke da mallakar aikin. Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta: na rubutu, wato kari da baiti, da na ɗauka, wato masta, asalin sautin da aka ɗauka. A 2007 Jay Chou ya kafa kamfaninsa, JVR Music, tare da Vincent Fang da manajansa. Tun daga nan manyan kamfanoni rarrabawa suke yi masa: Sony ta daɗe tana yi, sannan a Disamban 2023 ya ƙulla da Universal, yarjejeniyar da ta haɗa tsofaffin waƙoƙi da masu zuwa. Darajar tsofaffin ta fito fili a Sin, inda Tencent, mai manhajar QQ Music, ta riƙe lasisinsu, har kishiyarta NetEase ta rasa su a 2018, mutane suka riƙa sauya manhaja don su bi shi. Waƙar da aka ɗauka a 2003 tana kawo kuɗi yau, kuma galibinsu wurin mai masta suke zuwa.

Don haka idan aiki ya zo hannunka, tun kafin mawaƙi ya bar situdiyo a rubuta takarda: wa ya yi kari, wa ya yi baiti, wa ya tsara kiɗa, kason kowa nawa, wa ya biya kuɗin ɗauka, kowa ya sa hannu. Ka adana kowane layin sauti daban a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, mai bit 24, a wuri biyu, ba a kwamfuta ɗaya ba. Na faifan CD ka sauko da shi bit 16 a kan kilohaz 44.1, daga asalin, ba daga MP3 ba. Kowace waƙa ta samu lambar ISRC ɗinta, wato lambar shaidar waƙa ta duniya, mai harafi da lamba 12, albam ya samu lambarsa ta sayarwa, kuma sunan mawaƙi a rubuta shi iri ɗaya a ko'ina, domin bambancin harafi guda yana raba ƙidaya gida biyu, kuɗin ma su bi ta hannun wani. Kwafin gwaji kuma kada ya fita ta WhatsApp ko ga ɗan'uwan mawaƙin ne. Mai son ji ya zo ya zauna ya ji a nan.