Tambaya Da Amsa: Ya zan gane mai kula da Mama a gida tana yin aikin daidai?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Mahaifiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki yanzu kusan kullum tana kwance, mu kuma duk muna fita aiki, shi ne muka ɗauko mai kula da ita ta hannun wani kamfani. Matar akwai fara'a wallahi, ba mu taɓa jin ta ɗaga murya ba, amma ranar da nake canza wa Mama kaya sai na ga wani wuri ya yi baƙi a ƙasan bayanta, kuma kwana biyun nan Mama ta yi shiru sosai. Ni ban san me ake dubawa ba, kuma ina jin nauyin in tuhumi matar. Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ku kuma ya saka muku da alheri. Wannan baƙin wurin kar ki bari ya kwana biyu, likita ko nas su gani. Haka gyambon kwanciya yake farawa, nauyin jiki ya danne fata a kan ƙashi jini ya daina isa wurin, an fi ganinsa a ƙasan baya, ƙugu, diddige da allon kafaɗa. A baƙar fata jan da wurin ke yi da farko ba ya fitowa sosai, toh sai kin taɓa, za ki ji wurin da ɗumi ko tauri daban da gefensa. Kar a murza shi, kar a ci gaba da kwantar da ita a kansa. Wanda ba ya iya juyawa da kansa ana juya shi kamar duk bayan awa 2, a sa filo ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya tashi daga katifa, in famfas ya jiƙe a canza nan take.

Fara'a abu ne mai kyau amma ni ba da ita nake auna aiki ba, jikin Mama da rubutu su za su gaya miki gaskiya. Ki ajiye littafi a gefen gado, duk lokacin da aka ba da magani, aka juya ta, abin da ta ci ta sha, fitsari da bayan gida, a rubuta da lokacinsa, wanda ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan ba don shi ma kariya ce gare shi. Sannan wata rana ki dawo gida ba sanarwa ki zauna ki kalla. Tana wanke hannu kafin ta taɓa ta? In za ta ɗaga ta, ba a jan hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa. Abinci kuma a zaune ake bayarwa kaɗan-kaɗan, ta ci gaba da zama kamar minti 30 bayan ta gama, in tana yawan tari ko ƙwarewa a faɗa wa likita saboda abinci na iya bi ta huhu ya kawo ciwon huhu. Ki duba hanyar banɗaki ma, santsi da rashin haske, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe kusan mutum 684,000 a shekara kuma waɗanda suka haura 60 sun fi yawa a ciki.

Kamfanin ku tambaye su kai tsaye, wane horo suka ba ta, sun binciki tarihinta, waye ke zuwa duba aikinta, in ba ta da lafiya waye zai maye gurbinta, kuma su nuna muku rajistarsu. A Ingila hukumar CQC tana yi wa irin waɗannan kamfanoni rajista ta duba su ta wallafa rahoto kowa ya gani, ku ma ku nemi hukumar da ke da wannan alhakin a inda kuke.

Shirun Mama shi ya fi tsaya min a rai. Yana iya zama ciwo ne take ji, ko cutar mafitsara, ko damuwar da ke yawan biyo bayan shanyewar jiki, amma dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama sun fuskanci wani nau'in cin zarafi cikin shekara guda, don haka ki keɓe da ita ku biyu ki tambaye ta a hankali, ki lura ko tana firgita in matar ta matso. Katin banki da lambar sirri su zauna hannunku.

Abu na ƙarshe, in ita kaɗai ke yin dare da rana ba hutu to juyin dare ba zai yiwu ba komai kirkinta, ku raba kwanan a tsakaninku ko kamfanin ya ƙaro mutum na biyu. Ki sake rubuto min bayan likita ya ga wurin.