Baba Ilu, in koma gida Kirsimeti ko in tsaya aiki a Gana?

TAMBAYA

Baba Ilu, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya da iyali. Ni ɗan Tawa ne, Kirista, shekarata 24. Na gama jami'a na zauna shekara guda ba aiki, sai a watan Oktoba na saɓa jakar goyo na kama hanya. Niyyata in ga duniya, duk inda guzuri ya ƙare in tsaya in yi aiki. Na yi sati uku a Kwatano ina wanke-wanke a gidan abinci, na yi biyu a Lome, yanzu ina Gana, kasuwar albasa ta Adjen Kotoku kusa da Akra, ina riƙe wa wani Alhaji ɗan Galmi lissafin buhuna. Ga Kirsimeti ta matso, Inna kullum a waya tana cewa in dawo, tun da aka haife ni ban taɓa yin Nowel ba a gabanta ba. Alhaji kuwa ya ce yanzu ne kasuwa ke ci. Sannan na haɗu da wani Bafaranshe mai irin tafiyata, ya ce bara a Ostiraliya ya yi Kirsimeti yana tsinkar 'ya'yan itace, ya tara kuɗi sosai, har ina jin in bi sahunsa. Baba, me zan yi?

Yohanna, daga Gana

AMSA

Ɗana Yohanna, na amsa gaisuwa, Allah ya yi maka albarka. Wasiƙarka ta zaunar da ni shiru a nan Yamai, domin ta tuna mini da wani dare da ban taɓa mantawa ba. Amma bari in fara ba ka amsa: ka tsaya. Ka yi Kirsimetinka a Gana, ka gama cin kasuwar, ka dawo gida da abin hannunka kafin damina.

Dalilina ba mai nisa ba ne. Wata biyu kacal ka yi da fita. Hanyar da za ka biyo ka san ta: Lome, Kwatano, ka hau har Malanbil, inda aka rufe gadar da ta haɗa mu da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, in ka iske ta a rufe sai dai ka shiga kwale-kwale ka ƙetare zuwa Gaya. Daga nan Doso, Dogondutsi, Ƙonni, kafin ka ga Tawa. Ka lissafa kuɗin mota zuwa da komowa, da na shingaye, da tsarabar da ba za ka iya shiga gida babu ita ba. Abin da ka tara duka zai tafi, kuma ranar da ka koma Adjen Kotoku za ka iske wani yaro zaune da littafin Alhaji. Wanda ya ba baƙo riƙon lissafi ya ba shi amana, ba a kuma barin mai amana ana tsakiyar sauke kaya.

Wannan tafiya taka, ɗana, ba sabuwa ba ce a wurinmu. Turawa sun ba ta suna sun saka mata jaka mai igiyoyi, amma mutanen Adar, wato yankin Tawa, sun daɗe suna tafiya biɗa. Da an cire amfanin gona samari sai su nufi Kurmi, wasu Abijan, wasu Kumasi, su yi Sallah ƙarama da babba a can, iyaye mata na gida suna haƙuri. Ni ma na yi.

A Disambar 1999 ina Abijan, ina ɗaukar kaya a kasuwar Ajame. Mu biyar ne a ɗaki guda, huɗu Musulmi, ɗaya Kirista ɗan Dogondutsi da muke kira Dauda. Azumi muke yi a lokacin. Dauda ya yi wata guda yana tara kuɗin sabuwar riga, ya wanke takalminsa ya jingine a bango, yana jiran daren 24 ya tafi coci. Ranar Alhamis 23 ga wata sai harbi ya tashi, sojoji sun yi bore. Washegari Juma'a muka ji a rediyo Janar Robert Guéï ya hamɓarar da shugaban ƙasa Henri Konan Bédié. Gari ya rikice, sojoji na ƙwace motoci, ana fasa shaguna, ba mai iya leƙa titi. Salula ba ta zo hannun irinmu ba tukuna, saƙo sai dai kaset da za ka ba direba.

Da magariba ta yi muka shimfiɗa tabarma za mu sha ruwa. Abin da ke ɗakin shinkafa ce mudu ɗaya da gwangwanin kifi biyu da albasa. Na waiwaya na ga Dauda ya sa sabuwar rigar tasa, yana zaune a kusurwa, ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa na rawa. Babban cikinmu, wani dattijo ɗan Keita, ya ce, "Ba wanda zai sa hannu sai Dauda ya zo. Yau daren sallarsa ne." Muka jawo shi tsakiya, muka tura masa kifin gabansa. Bayan mun yi tarawi ya rera mana waƙoƙin cocinsu da Hausa, a hankali don kada a ji daga waje, harbi na tashi can wajen unguwar Filato. Ya ce ba rashin cocin ne ya sa shi kuka ba, tunanin uwarsa ne za ta ji labari a rediyo ba ta san ko yana da rai ba.

To kai ka fi Dauda gata, don wayarka na aljihunka. Inna ba shinkafar Kirsimeti ce damuwarta ba, so take ta tabbata ɗanta bai ɓace mata ba. Ka aika mata kuɗin kaji da zane tun sati guda kafin ranar, kada ka bari sai ana cunkoso a wurin aika kuɗi. Ran 25 da sassafe, kafin ta fita sujada, ka kira ta a bidiyo ka ce ta sa maka albarka. Kuma ka faɗa mata watan dawowarka ƙarara, ko Ista ko kafin shuka, ka kuma cika. Uwa tana iya jure nisa in ta san ranar.

Kada kuma ka kulle kanka a ɗaki ranar. Gana ƙasa ce da Kiristoci suka fi yawa, ko'ina ka juya coci ne, 25 da 26 duk hutu ne, daren 31 kuma ana kwana ana addu'a. Ka shiga wadda ke kusa da kai ko da Turanci da harshen Tiwi ake yi, ka ce kai baƙo ne daga Nijar. Ka nemi Alhaji tun yanzu ya ba ka yinin, ka kuma gayyaci abokan aikinka ku ci tare. Na san mutanen Galmi, sun saba zama da Kiristoci tun da aka buɗe asibitin mishan a garinsu a 1950.

Sai maganar Ostiraliya, ita ce ta fi tayar mini da hankali. Abokinka bai yi maka ƙarya ba. Disamba lokacin zafi ne a can, gonaki na neman hannu, kuma akwai biza ta musamman da ke ba matasa damar yawo suna aiki shekara guda, wanda ya yi kwana 88 yana aikin karkara ana iya ƙara masa wata shekarar. Sai dai ƙasashen da suka yi yarjejeniya da su kaɗai ake ba wa. Faransa na ciki, Nijar ba ta ciki. Fasfonsa ne ya buɗe masa ƙofar, naka ba zai buɗe ta ba. Bizar yawon buɗe ido kuma ba ta halatta aiki. Duk dillalin da ya ce ka kawo miliyan kaza na sefa zai fitar maka da wannan takarda, guminka yake so ya cinye. In zuciyarka na son nisa, kana da digiri, ka bi ta hanyar ƙarin karatu.

Ko a nan kusa ka kula da takardunka. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ran 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mu muna shiga da fita har sai ta sake magana, amma zaman da ba ya buƙatar izini kwana 90 ne. Ka duba hatimin da aka buga maka a iyaka, ka ƙirga kwanakinka, ka ɗauki hoton fasfonka da katin rigakafin shawara ka aika wa wani ɗan'uwa ya ajiye.

In ka kira Inna, ka ce Baba Ilu na gaishe ta da haƙuri, yana yi mata barka da Kirsimeti. Ka kuma rubuto mini a Janairu in ji wa da wa kuka ci abinci tare.

Baba Ilu, Yamai